Rafin Bayan Gidana Ba Ya Cikin Taswirarku

Zuwa ga Shugaban ofishin da ke kula da taswirar ƙasa da bayanan ruwan sama, Bauchi.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ni dattijo ne a Inkil. Sai da na yi furfura na shiga ajin yamma, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Kwanan nan Allah ya ba ni jikana na fari. 'Yata Hajara tana gidana tana wankan jego, bakina ya ƙi rufuwa don murna. Amma da zarar hadari ya haɗo sai gabana ya faɗi.

Na ɗaya. Da rani ma'aikatanku suka zo da na'ura suna auna unguwarmu don a sa a kwamfuta. Suka tambayi mene ne kwarin da ke bayan gidana, muka ce burtali, domin lokacin shanu ke binsa. Ba a yi zancen damina ba. To da damina rafi ne, duk ruwan tudu ta nan yake gangarowa.

Na biyu. Tun da taswira ta ce hanya ce, sai aka ba wani izinin gini a gefenta, ya cike bakin kwarin ya ja katanga. Yanzu ruwa ba shi da mafita sai gindin ɗakin mai jego. Bangon na laka ne, ya jiƙe har gwiwa.

Na uku. Na yi ta zarya a ofishinku har mai acaɓa ya daina tambayata ina za ni. An nuna mini allon kwamfuta: ga yawan ruwan da aka auna, ga irin ƙasa, ga tudu ga gangare, abin sha'awa ƙwarai. Sai dai gidana yana cikin launin da aka ce ambaliya ba ta kaiwa. Wannan ya ce mai gyaran taswira ya tafi kwas, wancan ya ce sai an sa hannu daga sama. Wallahi na gaji.

Surukaina sun aiko cewa in bangon bai bushe ba za su ɗauke Hajara da jaririn kafin arba'in. Ban ga laifinsu ba.

Roƙona, a turo mutum ranar da aka yi ruwa ya gani da idonsa, a mayar da rafin cikin taswira, a sanar da masu ba da izinin gini. Ba na son a rushe wa maƙwabcina gida, kwalbati ma ya isa.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya nuna maka naka jikokin a busasshen ɗaki.

Wassalam.

Malam Sale, Inkil, Bauchi.