Maginin da Ya Durƙusar da Akori-kurar Malam

Makera, Kaduna

Zuwa ga angona Auwal,

Kafin gaisuwa, canki wannan: wane magini ne ba ya neman fili wurin mai unguwa, da baki yake ɗaukar laka, amma gininsa ya durƙusar da dokin ƙarfe? Kada ka tambayi wayar nan taka, ina ganinka.

To, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da aiki, da ruwan saman Fatakwal. Allah ya tsare ka, ya ba ka matar da za ta iya da cikinka, tunda ni na gaji. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke ƙara kamar tsohon ƙyaure.

Ka tuna akori-kurar marigayi Malam, kakanka? Da farkon damina baffanka Shehu ya kai ta garejin Sylvanus a Kudenda, aka sauke injin aka wargaza shi kaf don a sa sabbin ringi da fistin. Saboda tsoron masu ɗauke-ɗauke, Shehu ya kwaso wasu ƙarafan gida ya rataye a bayan ɗakina, har da wani bututu mai baki huɗu da ke kai wa injin iska da mai. Nan suka yi damina. Da aka haɗa aka tayar, sai mota ta kama kakkarwa a tsaye kamar mai zazzaɓin cizon sauro. A hanya kuwa, Shehu ya taka totur har ƙasa, amma a hawan Kakau mai kura ya wuce su yana ɗaga hannu. Shehu ya dawo rai a ɓace, ya ce shi ya gaji, kasuwar Panteka zai kai ta a yanka. Auwal, motar da kakanka ya kai ni asibiti da ita haihuwar ubanka! Na yafa gyalena na ce a kai ni garejin.

Ban taɓa leƙa cikin inji ba sai ranar. Sylvanus ya ba ni benci, ya ce Mama ta zauna ta zama alƙali. Ya ce ya canza fulogi, ya wanke kafireta, ya sake duba taimin, duk a banza. Sai ya kunna ta, ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ya zare, injin ya yi tari kamar zai mutu. Da ya zare ta uku, ko gezau. Ya ce injin ɗaki huɗu ne, ukun na aiki, ɗaya na kwance kamar wani jikana idan an ce shara. Wuta na zuwa ɗakin, ƙarfin fistin na nan, saura numfashi. Nan ya tsaya, ya tambayi Shehu ina bututun nan ya yi damina.

Aka kwance shi, aka zura waya a baki na uku. Sai ga jar ƙasa tana zubowa. Sylvanus ya lallaɓa ya zaro sauran a tafin hannunsa, kuma wallahi gini ne, ɗakuna a jere, an shafe su sumul kamar tukunya, kowanne da 'yar tsutsa a ciki, guzurin ɗan da ba a haifa ba. Sylvanus ya cire hula ya ce Allah da girma yake, na ce ai ka faɗa. Ƙarfen da ƙarti huɗu ke ɗagawa da ƙyar, laka cikin cokali ta shaƙe shi. Har yanzu idan na tuna, tsigar jikina tashi take.

Da aka mayar, injin ya kwanta lumui, ana jinsa kamar kyanwa a cinya. Jiya muka haye Kakau da buhunan masara, ni a gidan gaba, kuma Shehu bai ƙara ambaton Panteka ba.

Ka gaida yayanka Bashir da matarsa Halima. Baffanka Shehu da gwaggonka Larai suna gaishe ka. Ka turo mini man zafi, ba hoto ba.

Taka har kullum,
Kakarka Zainabu

Na san ba ka canka ba. Zanzaro ne.