Bidiyon Liƙin Babana a Talabijin, Wa Ya Ba Su?

Salam 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, shawararku nake nema, kaina ya kulle.

Ni matar aure ce a nan Lafia, ina sayar da gari da agushi a kasuwa. Babana birkila ne, shekara huɗu ke nan da ya faɗo daga kan gini a Shabu, ƙugunsa ya goce, sai da sanda yake tafiya. Da ƙyar muka samu sunansa ya shiga cikin masu karɓar tallafi, ba wani abin kirki ba ne amma yana sayen magani.

Wata biyu da suka wuce mijina ya zo da wasu 'yan gidan talabijin, wai suna shiri a kan yadda masu karɓar tallafi suke rayuwa, ya ce ɗaya daga cikinsu abokinsa ne, kuma idan manya suka gani ƙila a ƙara wa Baba. Ni ban so ba, amma Baba ya ce ba shi da abin ɓoyewa. Wuni guda suka yi, ya fito musu da takardun asibiti, ya nuna musu ɗakinsa da ke yoyo, har hawaye ya yi.

Da shirin ya fito, babu takardu babu ɗaki. Sai Baba yana cewa kuɗin ba sa isa, daga nan sai ga shi a wurin biki a Doma, cikin babbar riga, yana yi wa amarya liƙi yana dariya. Wallahi rigar ta ƙaninsa ce, kuɗin ma ƙanin ne ya cusa masa a hannu don kada ya ji kunya a bikin 'yar ɗan'uwansa. Yanzu bidiyon yana ta yawo a waya, wasu na cewa ga masu cinye rabon talakawa, wasu na cewa gidan talabijin ne ke wasa da mutuncin masu ƙaramin ƙarfi. Wata kwastoma ta tambaye ni ko ni ce 'yar Baba Mai Liƙi. Ana raɗe-raɗin za a sake tantance sunaye a unguwarsu, maƙwabta sun ce shi ya jawo musu. Baba ya daina zama a ƙofar gida, sallah ma a ɗaki yake yi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, bidiyon nan da wayar mijina aka ɗauka. Na sani don ina tsaye kusa da shi, har guɗata ana ji a ciki. Da na tambaye shi, ya ce a status ya saka, na ce ban taɓa gani ba, sai ya koma cewa mai gyaran waya ne ya fitar da shi. Washegari ya canza password. In abokin nan ya kira sai ya fita waje ya amsa, kuma yanzu shi ke ɗaukar wa 'yan talabijin ɗin kayan aiki a kekensa na haya.

Jiya mijina ya ce suna so su dawo ranar Asabar, wai su ba Baba dama ya wanke kansa. Sau uku ya maimaita mini, da na ce ba na so har ɗaga murya ya yi, abin da bai saba ba. Shekararmu tara, 'ya'ya uku, bai taɓa cutar da ni ba, kuma ba ni da shaida a hannu. Baba kuwa kullum sa masa albarka yake, ya ce shi kaɗai ne bai guje shi ba.

Ku faɗa mini gaskiya, zargi ne kawai nake yi ko ku ma kun ga abin da na gani? In bari su dawo, ko in hana? Kuma in faɗa wa Baba, ko in bar shi yana sa wa mijina albarka? Ku taimake ni kafin Asabar.