Baba, Inna Ta Koma Gaɗa

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah tana tare da kai. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma Yaya Sani kake miƙa wa takarduna ya karanta maka, kana gyara masa Hausa. Duk da haka zan rubuta, domin ina da labarin da ba zan iya sawa a rediyo ba, kuma babu wanda ya fi ka cancantar jin sa. Zan ba ka shi yadda aka koya mini aikin jarida: abin da na gani da idona daban, abin da aka faɗa mini daban.

Gida lafiya. Geron gonar Kwaya ya yi kyau bana. Tunkiyarka mai baƙin kunne ta haifi tagwaye. Yaya Sani ya zama daraktan lakwal, makarantar boko duk tana hannunsa, tumbinsa ma ya samu ƙarin girma tare da shi. Damuwarmu Inna ce. Tun da ta fita takaba ba ta barin tabarmar gindin dogon yaro sai don alwala da salla. Ƙafafunta suka fara kumbura. Muka kai ta likita, majo, babban ma'aikacin jinya, ya auna jininta ya ce suga ya hau, in kuma bai sauka ba allura ce kullum har ƙarshen rai. Ka san Inna da allura. A gabansa ta ce gara ta bi ka. Da wasa ta faɗa, ni dai ban ji shi da wasa ba. Maganin da ya rubuta kaɗan ne. Abin da ya nanata shi ne ta motsa jiki, mu kuma mu motsa tare da ita, domin tsoho ba ya yi shi kaɗai.

Nan zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Na daɗe ina jin haushin yadda kake aiken Inna. Kana zaure za ka ce a kawo shayi. Ta kawo, ka ce cokali. Ta kawo, ka tuna hula. Haka take yini tsakanin madafa da zaure, tana tafe tana mita. Har shiri na taɓa yi kan mazan da ba sa ɗaukar wa kansu ko buta, kai nake nufi, kai kuma ka saurara ka ce shirin ya yi ma'ana. Ashe kai ne motsa jikinta? Ba na cewa ka kyauta. Ina cewa dai tun da ka tafi babu wanda ya isa ya tashe ta.

Muka fara da tafiyar ƙafa bayan la'asar, ni da ita da Yaya Sani da matarsa Balki da 'yan matansu. Baba, ka taɓa ganin wanda ya yi tafiya a Magarya ba tare da inda za shi ba? Ba mu kai bakin kasuwa ba 'yan kabu-kabu suka kewaye mu, kowa na rantsuwa ba zai karɓi ko dala ba, shi dai kada matar Malam ta wahala. Wani mai amalanke ya fara sauke buhunansa don ya ɗauke ta. Mata suka riƙa leƙowa suna tambayar wa ya rasu, da yake gida guda ba ya fitowa a jere haka kawai. An faɗa mini kafin wayewar gari labari ya kai Dungas cewa darakta ya sayar da motarsa. Inna ta ce ita da yawon banza har abada.

Sai na yi dabara. Tunda tafiya sai da dalili, mu nemo dalili. Barkar haihuwa, dubiya, sannu da dawowa daga Kano, babu wadda muka bari. Wannan ta yarda da shi, har da sabon mayafi. Abin da ban hango ba shi ne babu gidan da za a bar ta ta fita ba ta sha komai ba. Nan fura ce an zuba mata suga har ludayi na tsayawa, can kunu, gaba lemun kwalba. In na ce likita ya hana, matar gida ta ɓata rai ta tambaya ko an raina abin hannunta ne, Inna kuma ta harare ni ta shanye don kada zumunci ya lalace. Da muka koma awo, majo ya dubi na'urarsa, ya dube ni, ya tambaya ko ni ce mai ba mutane shawarar lafiya a rediyo. Ya ce wannan ne jinkiri na ƙarshe kafin allura.

Yaya Sani ya gwada tasa. Ya kawo usur daga lakwal ya jera mu a tsakar gida, hannu sama, hannu ƙasa. Daga kan tabarma Inna ta ce ba ta haife shi don ya busa mata usur ba. Shi ya fara haki, aka kawo masa kujera.

Abin da ya tashe ta ba mu muka shirya shi ba. 'Yan matan Yaya za su yi gaɗa a bikin rufe lakwal, suna gwaji a tsakar gida yadda suka gani a waya. Inna ta fara gyara daga zaune. Tafin ya yi sanyi, waƙar ba haka take ba, mai faɗawa tana waiwaye kamar ta saci kaza. Ta ce a garinsu Dogo-Dogo yarinyar da ta waiwaya kafin ta faɗa ba a sake sa ta a layi. Ƙaramarsu ta ce, cikin ladabi, ai yi da baki ba wuya. Sai na ga Inna ta dafa ƙasa ta miƙe, ta cire mayafi ta ɗaure ƙugu.

Ka san yadda wasan yake. A jeru ana tafi, ɗaya ta fita gaba, ta ba da baya ta saki jiki ta faɗo, sauran su tare ta su cilla ta ta dira. Don 'yan mata marasa nauyi aka yi shi. Na dubi Inna, na dubi hannuwan jikokinta kamar karan dawa, na yar da jakata na shiga layi ina kiran Balki. Ta fito da muciya a hannu. Na sake dubawa na ga ba mu isa ba. Yaya Sani na shigowa da babbar riga, ba a tambaye shi ba aka sa shi tsakiya. Abin da ya iya roƙo kawai shi ne a kulle ƙofar zaure.

Inna ta faɗo, Baba, ba ta waiwaya ba. Ba zan ce mun cilla ta ba, mun dai mayar da ita tsaye, darakta kuma ya zauna a ƙasa ba da niyya ba. Ta ce a sake. Ta yi dariya har da hawaye, irin wadda rabona da ji tun kana nan.

A ranar ta ba mu wani labari da ya shafe ka. Ka sha gaya mana ba ka taɓa taka dandali ba, karatu ya hana ka. Inna ta ce duk ranar kasuwa kana bakin dandalin Dogo-Dogo da raken da ba ka sayar wa kowa, kana jiran layi ya zo kanta. Majiya ɗaya ce, kuma ba ni da hanyar jin ta bakinka, amma ban ga alamar ƙarya a fuskarta ba. Me za ka ce?

Yanzu kullum bayan la'asar ƙofa a kulle take. Maƙwabta na jin tafi da muryar namiji guda cikin amshi, Yaya ya ce musu rediyo ne. Jiya muka koma awo. Suga ya sauka. Bai kai inda ake so ba, amma majo ya ajiye zancen allura ya ce mu ci gaba da duk abin da muke yi. Ya tambaya wane irin motsa jiki ne, Inna ta ce sirrin gida ne. Yaya Sani aka rubuta wa man shafa baya.

Zan tsaya nan, na ji an fara tafi, kuma har bayan Yaya ya warke ni ce a tsakiya. Ka kwantar da hankalinka, ba za mu bari ta kai ƙasa ba.

Allah ya kai haske kabarinka, ya gafarta maka har da raken.

'Yarka Rakiya,
daga Magarya