Awa Ɗaya Kafin a Tafi Gona

Zuwa ga ƙanena Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya Fatakwal? Mu nan Roni damina ta zauna, alhamdu lillahi.

Ran da aka ba da dogon hutu na miƙa wa jikata Rabi wasiƙarka ta karanta mini, don idona ya soma yana. Yarinyar da ta gama aji shida, wai ita ce ta biyu a ajinsu, ta kasa wuce layin farko. Na tara gidan na ce abu ɗaya nake so a hutun nan: awa ɗaya kowace safiya in koya mata. Kowa ya ce to.

Kwana huɗu muka yi. Ubanta Habu ya ce ciyawa ta ci gyaɗa, kowa ya tafi gona. Da na yi magana ya ce, "Baba, kai da ka shekara talatin kana koyarwa, me bokon ya yi maka?"

Saura mako uku a koma, likita a Kazaure kuma bai ba ni tabbacin zan ga rubutu baɗi ba. Don Allah ka kira Habu, maganarka yake ji.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajiya. Awa ɗaya kawai nake roƙo.

Yayanka,
Isa