Fartanyoyin Rwamilinga Suna Jiran Dattijo Rutaihwa

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Haɗin Gwiwar Manoman Gahawa ta Rwamilinga, a madadin shugabanta, da kwamitin gudanarwa, da rassanta goma sha ɗaya, ta sami labarin rasuwar ubanta kuma tsohon shugabanta, tsohon ɗan majalisar dokoki ta ƙasa, jigo a jam'iyyar adawa, Mai Girma Dattijo Protazi Mugizi Rutaihwa, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Lahadi, ashirin da ɗaya ga Satumba, a wani asibiti da ke garin Bukoba, yana da shekara tamanin da ɗaya, bayan gajeriyar jinya.

Tun daga wannan rana fartanya ba ta taɓa ƙasa ba a Rwamilinga da ƙauyukan da ke kewaye, domin a nan, idan aka yi mutuwa, saran farko na kabari ne, kuma wanda ya riga kabarin sara ƙasa an ce wa wani na gidansa yake haƙa wa. Washegarin rasuwar, da hantsi, ruwan shuka ya sauka. Saboda haka wannan saƙo yana ɗauke da ta'aziyya, yana kuma ɗauke da sanarwa a kan ranar jana'iza, wadda mata da dama ke jira da irin wake a ƙwarya.

An haifi marigayin a cikin gonar ayabar mahaifinsa, a kan tudun da ke kallon tafki, inda hazo ke kwana a ganyen ayaba har rana ta ɗaga, mutum ya riƙa jin muryar maƙwabcinsa ba tare da ya gan shi ba. Ya shigo ƙungiyar nan yana ɗan shekara goma sha tara a matsayin mai awo. A makonsa na farko ya juya fuskar sikeli ta kalli manomi maimakon ta kalli bango, abin da magabatansa suka ɗauka kuskuren sabon shiga ne, suka gyara, ya sake juyawa, suka sake gyarawa, har suka gaji. Tsofaffin da suka ga zamanin suna cewa a ranar ce suka fara sanin buhunsu yana da nauyi.

A shekarar da aka rushe ƙungiyoyin manoma da sanarwa ɗaya a rediyo, kowa ya watse, amma mabuɗin sito ya zauna a aljihun Dattijo Rutaihwa shekara takwas. Kowace Asabar yakan hau kekensa ya zo ya buɗe tagogi, ya share daɓe, ya zauna a kan wani tsohon benci cikin sito babu ko ƙwayar gahawa, yana kallon hasken da ke shigowa ta hudar kwanon rufi. Idan masu wucewa suka tsokane shi, suka ce ko ɓeraye yake yi wa awo, yakan ce shi dai iska yake ba ɗakin, don kada masu shi su dawo su tarar yana wari. Da aka dawo da ƙungiyoyin, sitonmu kaɗai aka samu da rufi a duk yankin, kuma mambobi suka zaɓe shi shugaba, muƙamin da ya riƙe shekara goma sha huɗu.

Da aka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, marigayin ya shiga adawa, a lokacin da shiga adawa ke nufin abokanka su riƙa tsallaka titi idan sun hango ka. Ya tsaya takara sau huɗu, ya ci sau ɗaya, kuma ya ɗauki faɗuwa ukun da natsuwar manomin da ƙanƙara ta yi wa ɓarna. A shekaru biyar da ya yi a majalisa ya yi magana a kan cutar da ke busar da itacen gahawa da kuma hanyar da motoci ke maƙalewa a cikinta duk damina, ya maimaita su har abokan zamansa suka haddace jawabin. An tsare shi kwana goma sha ɗaya saboda taron da aka ce ba shi da izini, ya fito yana yabon waken da aka ba shi a can, yana cewa ƙasar da ta noma shi tana da kyau, masu dafa shi ne ba su da tausayi. Ƙungiyar nan ba za ta ɓoye cewa mutum ne mai taurin kai ba, wanda idan ya ce zai yi gajeren bayani, mata sukan aika gida a sauke tukunya.

Yana da wani buri da bai cika ba. Ya so a gina masana'anta a bakin tafki inda za mu riƙa soya gahawarmu da kanmu, ta yadda matafiyin da ya kwana a jirgin ruwa zai ji ƙamshin gida tun kafin ya hango tudu. Yakan faɗi haka yana lumshe ido, kamar shi ne a cikin jirgin. An aza harsashi, an yi jawabai, an sha giyar ayaba, yau kuwa kabewa ce ta yaɗu a kan tubalan, tana kuma ba da 'ya'ya masu kyau. Har ƙarshen rayuwarsa, duk lokacin da gahawa ta yi fure, tudu ya yi fari, yakan sa a fito masa da kujera ƙofar gida, ya nuna furannin, ya ce ga ma'aikatan masana'antarsa sun iso.

Ƙungiya ta lura, cikin godiya, da yawan masoyan da marigayin ya samu tun ranar Lahadi, ciki har da waɗanda suka taɓa kashe masa lasifika yana tsakiyar magana. Ranar Talata tawagar jam'iyyarsa ta iso gidan makoki ƙarƙashin sakataren yanki, Mai Girma Deogratias Kaizilege, ta roƙi a ajiye gawar a ɗakin sanyi na asibiti har Asabar, huɗu ga Oktoba, domin manyan jam'iyya na ƙasa su samu halarta. Ba a jima ba wakilan ɓangaren da ke mulki suka iso da irin wannan roƙo, kuma wannan ne karo na farko a tarihin gundumar da ɓangarorin biyu suka yarda da abu ɗaya. Mata suna zaune a kan ciyawar da aka shimfiɗa a tsakar gida, idanunsu na zuwa sama suna dawowa, domin kowace ta san waken da bai shiga ƙasa a makon nan ba, ruwan ƙarshe ba zai ishe shi ba, kuma gidan da ya rasa wake, ayaba tsura zai ci har wata shekara.

Da aka nuna wa sakataren wannan matsala, ya amsa da kyakkyawar niyya cewa abu ne mai sauƙi, za a rubuto takarda da hatimi, a ba kowa izinin shiga gona kafin jana'iza. Wata dattijuwa daga reshenmu na uku, Mama Felista Kokuhirwa, ta tambaye shi cikin ladabi wa zai karanta wa ƙasa takardar, kuma ko shi zai fara sarawa a gonar mahaifiyarsa. Daga nan uwargidan marigayin, Mama Yustina Mukabatunzi Rutaihwa, ta gyara mayafinta ta ce:

“Ɗana, shekara hamsin da ɗaya ina jiran mutumin nan ya dawo daga taro, dafaffiyar ayaba na hucewa a ganye. Ni na ɗauka, ni na aure shi. Amma ba zan bari ya zaunar da gari guda jiran wani taron ba. Ku kawo mini shi jibi.”

Bisa wannan umarni, da amincewar 'ya'yan marigayin da dattawan dangi, ƙungiya tana sanar da jama'a cewa za a ɗauko gawar Mai Girma Dattijo Protazi Mugizi Rutaihwa gobe Alhamis, ashirin da biyar ga Satumba, a yi masa addu'a a cocin Rwamilinga da ƙarfe goma na safe, a binne shi da azahar a cikin gonar ayabarsa, kusa da mahaifinsa, a naɗe da mayafin ɓawon itace kamar yadda aka yi wa iyayensa. Jawabi ɗaya za a yi, kuma iyalin sun roƙi mai yinsa kada ya yi koyi da marigayin.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Mama Yustina, da 'ya'yansu Audax, Redempta, Gozbert da Kokusiima, da jikoki goma sha bakwai, da dangin Rutaihwa baki ɗaya, da 'yan jam'iyyarsa, da abokan hamayyarsa, da duk manomin da ya taɓa sauke buhu a gabansa. Muna roƙon Ubangiji Ya gafarta masa kurakuransa, Ya karɓe shi cikin salama, Ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi, Ya kuma sanyaya zuciyar matar da za ta ci gaba da jin kamar ƙarar kekensa a bakin hanya.

Ranar Juma'a da safe kowa ya ɗauki fartanyarsa. Manyan baƙin da za su iso ranar huɗu ga Oktoba muna yi musu maraba tun yanzu. Za su tarar da ƙofa a buɗe da kujeru a inuwa, kuma idan suka ji garin shiru, su gangaro gonaki su same mu, su dai kula da inda suke taka ƙafa, domin a lokacin wake ya tsiro.

Sa hannu:
Adventina Kemilembe Byabusha
Jami'ar Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Haɗin Gwiwar Manoman Gahawa ta Rwamilinga
Laraba, 24 ga Satumba