Baffana Ya Saki Kansa, An Ce Ba Ruwana

Assalamu alaikum Anti Kalsum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle, karatu ma ya ƙi shiga.

Ni ɗalibar aikin jinya ce, ina aji biyu, haifaffiyar Agege. Damuwata Baffa Almu ne, yayan babana. Shekara da shekaru yana tuƙa tanka daga Apapa zuwa Arewa, kuma duk unguwa an san shi da tsafta, mutumin da ko motar haya ta danfo ya shiga sai ya shimfiɗa hankici kafin ya zauna. Tunda matarsa ta rasu bara ya zama wani daban, 'ya'yansa kuma duk suna Arewa. Riga ɗaya ce a jikinsa har ta yi baƙi. Abincin da Mama ke aika masa sai in tarar da shi a rufe ya yi tsami. Maganin sugansa na kan taga, ko ɓarewa bai yi ba. Masallaci ma ya daina fita.

Da ina cewa tsufa ne, kamar yadda kowa ke faɗa. Sai ranar da malamarmu ta yi darasi a kan tsofaffin da ke sakaci da kansu. Tana faɗin alamomin, ni kuwa Baffa nake gani a gabana, na kasa zama a kujera. Da na dawo na shiga gaishe shi, sai na lura ƙafarsa ta hagu kaɗai ke da safa, a wannan zafin, ta jiƙe, ƙuda na bin ta. Na roƙe shi in duba, ya kore ni, wai shi ya yanka ragon sunana, ba ni zan buɗe masa jiki ba.

Na gaya wa Baba, ya ce in fita harkar manya, kada in kunyata masa yayansa, wai karatun nawa guda nawa ne. Anti, na ga irin wannan ƙafar a asibiti, na kuma ga yadda ta ƙare. In na yi shiru aka yanke, me zan ce wa kaina? In na matsa a ce ba ni da kunya. Ko ni ce ke zuzuta abin don an koya mana? Ko in kira 'ya'yansa a ɓoye? Wallahi ban sani ba.

Mai neman mafita, Agege

Wa alaikumus salam 'yata. Ba zuzutawa kike ba, idonki ya gani daidai. Amma ki raba abin biyu: wanka da sutura za su iya jira, ƙafa ba ta jira. Gyambo a jikin mai suga aikin likita ne, a cikin makon nan, ba na ɗaliba ba.

Ki yi wa mutanen biyu uzuri. Babanki ƙani ne da ya tashi yana ganin girman wansa, kallonsa a haka ya fi ƙarfinsa. Baffa kuwa, mai tsafta ya fi kowa sanin ya yi datti. Kunya ce ta kore ki, ba ƙiyayya ba. Kuma muddin yana cikin hankalinsa, ba a ɗaukarsa kamar buhu a kai asibiti, lallashinsa ake yi.

Ki bi ta wajen mamanki ku zauna da Baba. Kada ki kawo zancen wari ko sunan cuta da Turanci. Ki faɗa masa a fili: ana iya rasa ƙafar. Shi zai kira 'ya'yan, ba ke a ɓoye ba. A nemo wani cikin tsofaffin abokan tuƙin Baffa ya raka shi, don abin da tsoho ya ƙi ji daga 'ya yakan ji daga sa'ansa. A gaya wa likita batun rasuwar da ƙin cin abincin, ya duba ko baƙin ciki ne ya zama ciwo, ko mantuwa ce ta soma. In zazzaɓi ya shigo, ko ƙafar ta kumbura, ko ya fara rikicewa, a ranar za a tafi.

Abinci kuma a daina aikawa a rufe. Baba ya ɗauki kwanon ya je su ci tare. Mai yiwuwa ba abincin ne Baffa ya ƙi ba, ci shi kaɗai ne ya gagare shi.

Ke ki ci gaba da gaishe shi ko ya ɗaure fuska, ki kuma koma kan karatunki. Fushin baffa yana hucewa, ƙafa in ta tafi ta tafi. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya sa albarka a hannunki.