Kujerun da Na Dirje da Toka

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Allah. Ni ce Hanne. Ba ki kai ga ganin bikina ba, to ga ni Gusau, Tudun Wada, gidan mijina Malam Sani.

Da Turawan Italiya masu aikin hanya za su tashi, ya sai da gonar gadonsa ta Kekun Waje ya kwashi tsofaffin kujerunsu huɗu. Inna, ba masu laushin nan ba ne. Ƙarfe ne lanƙwasasshe da 'yar fata, kamar ba a gama su ba. Ya ce wani gwani ya ƙera su tun ba a haife shi ba, wai akwai masu tara su, ba don zama ba. Na ce to. Ban gane ba, kunyar tambaya na ji.

Ya tafi Legas ɗauko mai saye. Na duba na ga ƙafafun sun dushe. Sai na tuna ki bakin rijiya a 'Yankuzo, kina dirzar kwanoni da toka da rairayi, kina cewa kar in yarda baƙo ya ga tsatsa a ɗakina. Haka na yi musu. Fatar na shafe da man shanu. Akwai wani ɗan tambari manne a ƙarƙashi, ya yi baƙi ƙirin, na kankare shi tas.

Ƙaninsa Lawali ya shigo, ya kife kujera, ya daɗe yana kallo. Ya ce tambarin shi ne shaidar asalinta, shi mai saye ke fara nema, kuma tsufan da na goge shi ake biya. Bai yi min faɗa ba. Da ma ya yi.

Uku na taɓa, sallar la'asar ta ceci ta huɗu.

Lawali ya ce in yi shiru, a ce haka suka zo. Inna, ba zan iya ba. Gobe suna tafe, zan tari Malam Sani a zaure kafin baƙon ya shigo. Abin da ke kashe min jiki, ban taɓa ganin fushinsa ba, ban san irinsa ba. In ya ce in tafi gida, wa zan tarar?

Allah Ya haskaka kabarinki. Ni kuma Ya ba ni bakin magana gobe, Ya sa ya bari in kai ƙarshe.

'Yarki,
Hanne